Manhajar lura da ciwon kai tana rage kashe kuɗi kuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko manhajojin waya irin su Migraine Buddy suna rage kuɗin da ciwon kai ke ci, ko ɓarnar data ce kawai. Ni ma ciwon ɓarin kai ya daɗe yana wahalar da ni.

Babban amfaninsu ƙidaya ce. Duk ranar da kai ya sara, ki shigar da lokacin, da barcin da kika samu, da abin da kika ci, da ƙwayar da kika sha. Da na yi wata 2 ina haka, sai na ga ashe kusan kullum nake ɓallar katin farasitamol, wani lokaci tun kafin in karya kumallo. Shan irin wannan maganin kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata 3, shi kansa yana haddasa ciwon kai. Kenan da kuɗina nake sayen ciwon. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne, galibinsu a asibitocin koyarwa. Idan kika je da wannan bayani a hannu, likita ya fi saurin gane nau'in ciwon, sau da yawa ba sai an yi hoton cikin kai na CT mai tsada ba, kuma zirga-zirgar mota ta ragu. In babu data, littafi da biro ma sun wadatar.

Amma in ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ɓari guda na jiki ya yi rauni, ki ajiye wayar ki tafi asibiti nan take.