Mai gida ya hana mu yi wa mijina gangare a kofar gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, dan Allah a taimaka min da shawara. Muna haya ne a wajen Kofar Kaura a Katsina, maigidana ya yi hatsarin mashin yanzu sai a keken guragu yake fita, kuma kofar gidan akwai matakala uku ga lambatu a gaba, wallahi kullum sai an nemo samarin layi sun cicciɓe shi kamar kaya, shi ya sa ma ya daina zuwa masallaci. Mun ce za mu kira birkila ya zuba siminti a yi gangare da kudinmu, mai gidan ya ce za a bata mai gida, in ba za mu iya ba mu tashi. Doka ta ce wani abu a kan haka?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba shi lafiya, wannan tambaya ta taba min zuciya sosai.

Akwai doka. Ita ce ta haramta nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, marigayi Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, kuma sashenta na farko ya hana kowa, mutum ko ma'aikata, ware wani saboda nakasarsa. Mutum daya tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyu, kamfani kuma miliyan 1, sannan wanda aka yi wa yana iya shigar da kara ya nemi diyya.

Amma gaskiya sai na fada miki inda gizo ke saka. Wajibcin yin gangare dokar ta dora shi ne a kan gine-ginen jama'a, asibiti, banki, makaranta, aka ba su shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024 kuma ki duba garin nan ki ga nawa suka gyara. Gidan haya na mutum daya kuwa maganar ba ta fito fili haka ba. A Amurka tun 1988 dokarsu ta gidaje ta ce dole mai gida ya bar dan haya mai nakasa ya yi irin wannan gyaran da kudinsa, kotunansu kuma suna cin tarar masu ki, mu nan lauya sai ya jingina da sashen wariya din nan ne.

To karfinku yana wajen maganar "ku tashi". In mai gidan ya ba ku notis saboda keken, ku adana takardar da duk sakon waya da ya turo, ku rike sunayen wadanda suka ji da kunnensu.

Kafin nan dai ku fara da mai unguwa da liman, a zauna a rubuta yarjejeniya cewa ku za ku biya, ranar da za ku bar gidan ku maida kofar yadda take, galibi tsoron masu gida kenan kada a bata masu gini. Ko a yi gangaren karfe wanda ake dagewa a wurin mai walda, bai taba ginin ba balle ya ce an bata. In ya kafe, ki je ofishin Hukumar Kare Hakkin Dan Adam ko Legal Aid, hukumar da ke ba marasa karfi lauya, a nan Katsina, ba a biyan kudin lauya, ki tafi da rasit din haya da hoton kofar.