Fansho ba shi da haraji, amma kuɗin hayar shago fa?

Tambaya: Barista, na yi ritaya a 2019 daga wani kamfani a Apapa. Ina karɓar fansho duk wata, ina kuma da shaguna biyu a Agege da na ba da haya. Tun da na ajiye aiki ban cike takardar haraji ba. Yanzu hukumar haraji ta Legas, LIRS, ta aiko mini da takarda wai tana bina bashi har da tara. Ina mafita? Daga wani Alhaji a Agege.

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka game da fanshon. Sashe na 10 na Dokar Fansho ta 2014 ya yafe haraji a kan kuɗin da ake biyan ka daga asusun ritaya. Sai fa in ka yi ajiyar ganin dama a asusun, ka kuma cire ta kafin shekara 5; a nan ribar da ta haifar tana da haraji.

Shagunan nan ne inda gizo ke saƙar. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, kuma doka ta ce mai samu ya bayyana abin da ya samu kafin 31 ga Maris na kowace shekara. Wanda bai yi ba, hukuma kan yi masa ƙiyasi da kanta, ta ɗora tarar kashi 10 cikin ɗari da kuɗin ruwa. Ina kyautata zaton a ƙiyasin naka an cakuɗa fansho da haya, musamman in asusun banki ɗaya suke shiga.

Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka don rubuta ƙorafi. Kada ka bari su wuce, domin in sun wuce adadin ya zauna daram. Ka karɓo bayanin biya daga kamfanin da ke kula da fanshonka, da na banki, da rasitan haya, har da na gyaran rufi ko wayar lantarki, don ana cire irin wannan kashe kuɗin kafin a lissafa haraji. Ka kai ofishinsu, ka sa a buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Mutanenmu kan tsaya a kan "mun yi magana da jami'in", alhali maganar baka ba ta tsayar da wa'adi.

Hukuma kan koma baya shekara 6 ne kawai, sai in akwai zamba, ko ƙin biya da gangan, ko sakaci. Shekarun da suka gabaci 2026 da tsohuwar doka za a auna su, saboda haka yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, da sabuwar dokar haraji ta kawo daga 2026, bai shafe su ba.

In an gyara lissafin, ka nemi a bar ka ka biya kashi-kashi, ka roƙi a rage tarar. In sun ƙi gyarawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji a nan Legas, ita ma kwana 30 ne wa'adinta. Duk abin da za ka biya, ta banki ka biya da lambarka ta haraji, kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu.