Hukuncin sa takalmin Timberland da yin shafa a kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi takalmin Timberland, ruwan ƙwan nan mai rufe idon sawu da samari suka sake yayinsa. Yayana ya ce kayan mawaƙan gambarar Amurka ne, sa shi koyi ne da kafirai. Haka ne? Kuma zan iya shafa a kansa in na zo alwala?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asali a sha'anin tufafi halacci ne, sai abin da nassi ya hana. Wannan takalmi a 1973 aka fara yin sa a jihar New Hampshire ta Amurka, don magina da masu aiki cikin ruwa da ƙanƙara. Sai a shekarun 1990 matasan New York da mawaƙansu suka mai da shi na gayu. Ba alamar wani addini ba ce. Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa a tafiyar Tabuka Annabi (SAW) yana sanye da jabba ƙirar Rumawa, hannunta ya matse har sai da ya fito da hannayensa ta ƙasa ya wanke. Koyin da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addininsu ko fasiƙancinsu. In ka haɗa takalmin da zazzago wando har tsiraici ya bayyana, to a nan yayanka ya fi ka gaskiya.

Batun shafa kuwa, a wannan hadisin ne Mugira ya sunkuya zai cire wa Annabi huffi, sai Annabi ya ce ya bar su, da tsarki ya sa su, ya shafa a kai. Malikiyya sun sharɗanta huffi ya zama na fata mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, a iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala da ruwa. Takalminka ya cika siffar, amma ina ganin yadda kuke sa shi: igiya a sake, harshe ya lanƙwaso gaba, idon sawu a waje. Wanda ya sa shi haka ba shi da shafa. Ɗaure shi sosai, ka shafi sama da ƙasa.

Fatar takalmin kuwa ta saniya ce da aka jeme, mai yiwuwa ba yankan Musulmi ba. Mashhurin mazhabarmu jima ba ta tsarkake fatar mushe, amma Shafi'iyya da Hanafiyya sun riƙi hadisin Ibn Abbas da ke cewa fata in an jeme ta ta tsarkaka, kuma shi na fi natsuwa da shi. Amma fatar alade ba ta shiga wannan hukunci. Jabu sun cika kasuwa, don haka leƙa shafin cikinsa: fatar alade ana gane ta da 'yan ƙananan huji uku-uku a haɗe. In ka gan su, kada ka yi salla da shi. In kuma roba ce mai kama da fata, ba huffi ba ne a wurin Malikiyya.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne ƙofar masallaci. Ka yi shafa, ka zo ka tuɓe saboda kafet, to shafar ta warware. Ka wanke ƙafafunka nan take, in ka jinkirta da gangan sai sabuwar alwala. Wanda zai yi salla a fili ko a wurin aiki yana iya yi da takalminsa, bayan ya duba ƙasansa babu najasa.

Wallahu a'alam.