Ga 'yar'uwar da ɗanta ya rubuta 313 a maimakon 43

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da safe na ga tambayarki, amma na bari sai da na sauke tukunya na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce ɗanki shekararsa bakwai, yana aji biyu, yana ƙirga daga ɗaya har ɗari babu gargada, amma da aka ba shi 28 ya tara da 15 sai ya rubuta 313, da aka ce ya ɗebe 27 daga 52 kuma ya kawo 35. Kina tambaya ko ki nemo masa malamin lesin, ko kuwa kansa ne ba ya ja.

Kansa yana ja sarai. Ki ɗauko littafin ki sake dubawa. 8 da 5 sun ba shi 13, daidai ne. 2 da 1 sun ba shi 3, shi ma daidai ne. Sai ya jera su gefe da gefe, 313 ta fito. A ɗebewar kuma ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, ya san biyu ba ta isa a cire mata bakwai ba, sai ya juya ya cire ƙaramar daga babbar ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Wanda bai san komai ba cankar amsa yake yi, shi kuwa naki da tunani ya yi nasa kuskuren. Abu ɗaya ne ya ɓace masa: bai san cewa 2 ɗin da ke cikin 28 ashirin ce ba. A idonsa biyu ce kawai da ta zauna kusa da takwas.

Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da aji ɗaya da aji biyu a wata firamare a nan cikin garin Jos, kuma shekarun farko yadda aka koya mini haka na koyar. In ja layi a allo, in rubuta T da U a sama, wato gomomi da ɗai-ɗai a Turance, in ce a rubuta uku a riƙe ɗaya, yara su amsa da ƙarfi har ajin ya ɗauka. Ranar jarrabawa rabinsu su zube. Har yau abin yana damuna in na tuna yaran da na yi wa tsawa a kan abin da ni ce ban nuna musu ba. Wadda ta buɗe mini ido wata yarinya ce daga Anguwan Rogo mai tallar gyaɗa bayan an tashi. A takarda ba ta iya cire 35 daga 50 ba. Da yamma na sayi gyaɗar naira talatin da biyar a wurinta, lokacin kuɗi na da daraja, na miƙa mata hamsin, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Malama, canjinki sha biyar." Lissafin yana kanta. Abin da nake rubutawa a allo ne bai taɓa haɗuwa da abin da take yi da hannunta ba.

To ga abin da na koma yi, kuma shi nake so ki yi kafin ki kashe ko kwabo a kan lesin.

Ki samo tsohuwar tsintsiyar kwakwa, ki kakkarya tsinkayen daidai tsawon yatsa, kamar ɗari da wani abu. Ki samo robar nan ta ɗaure kuɗi, ko zare. Ki zube masa tsinke ashirin da takwas a tabarma ki ce ya ƙirga. In ya gama, ki ce duk goma ya ɗaure ta wuri guda. Shi zai ɗaure, ba ke ba, wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Zai samu ɗauri biyu da guda takwas a warwatse. Ki ja ɗaki biyu a ƙasa da gawayi, na hagu ɗakin ɗauri, na dama ɗakin ɗai-ɗai, ya saka kowanne a ɗakinsa, sannan ya rubuta lambar a ƙarƙashi: 2 a ƙarƙashin ɗauri, 8 a ƙarƙashin warwatsattsu. Ki ɗora yatsa a kan 2 ɗin ki tambaye shi, "Wannan biyun mene ne?" Ranar da ya ce miki "ɗauri biyu ne, tsinke ashirin," kin ci rabin yaƙin. Kada ki yi gaggawar wuce nan. Mako guda cur nakan yi a aji ba mu taɓa tarawa ba, sai ɗaurewa da kwancewa: nuna mini 34, nuna mini 43, wanne ya fi yawa, don me? Nuna mini 40. A nan zai ga ɗakin dama ya zama wayam, ki ce masa dole a rubuta wani abu da zai shaida ɗakin babu kowa, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka huɗu ce. Aikin sifiri ke nan, mai gadin ɗaki ne.

Wasan yana da doka ɗaya tak: ɗakin ɗai-ɗai ba ya ɗaukar goma. Da zarar sun cika goma, a ɗaure su a tura ɗakin hagu. Yanzu ki ba shi 28 da 15 ɗin nan da ya faɗi. Zai haɗa takwas da biyar ya ga sha uku, doka ta hana, ya ɗaure goma ya tura, uku su rage. Ɗauri biyu da ɗaya da sabon da ya shigo, huɗu. 43. Wannan "riƙe ɗaya" da ake ta rera masa a aji, yau ya riƙe ta a hannunsa, ya ga ashe goma ce ɗaurarriya.

Ɗebewa ita ce inda na fi son ki tsaya, saboda kalmar da muke amfani da ita tana ɓatar da yara. Muna cewa "a aro ɗaya daga maƙwabci". Wani yaro ya taɓa tambayata, da gaskensa, "Malama, yaushe za mu mayar masa?" Yana da gaskiya, ai ramuwa ake yi wa aro. Tun daga ranar na daina cewa aro, na koma cewa canji. Kowane yaro a garin nan ya san canji. An aike shi shago da ɗari biyar, mai shago ya ce babu canji, ya tsallaka wurin mai shayi an fasa masa ita. Ya san kuɗin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kamanninsu ne suka sauya. Haka 52 take: ɗauri biyar da guda biyu. Ki ce ya ba ki ashirin da bakwai. Zai miƙo ɗauri biyu cikin sauƙi, sai ya tsaya a kan bakwai, don biyu kawai gare shi a warwatse. Ki yi shiru. Wallahi shirun nan shi ne mafi wuya ga uwa, baki yana ƙaiƙayi, amma ki daure. Za ki ga ya kalli ɗaurin, ya kalle ki, sannan a hankali ya zare robar. Ya yi canji. Biyu ta zama sha biyu, ya ba ki bakwai, biyar suka rage, ga ɗauri biyu a ɗakinsu. 25. Sai bayan ya yi haka sau da yawa da hannu za ki nuna masa yadda ake soke 5 a rubuta 4 a takarda, kuma tsinkayen suna gefe, duk abin da alƙalami ya yi hannu ya maimaita.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika kula da ita ba. Hausa ta yi mana gata daga 11 zuwa 19: goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha uku. Gomar tana fitowa fili, ita ake fara ji, kamar yadda ita ake fara rubutawa. A Turanci kuwa sunan 14 da huɗu yake farawa, shi ya sa za ki ga yaro ya rubuta 41, ga kuma 13 da 30 da sunayensu suka yi kama a kunne. Saboda haka ko da makarantarsu da Turanci ake koyarwa, a gida ki yi masa da Hausa, kuma ki riƙa faɗin "goma sha uku" cikakkiya, ban da gajartawar "sha uku", har sai abin ya zauna. Inda Hausa take ɓoye gomar shi ne daga ashirin zuwa sama, domin ashirin, talatin, arba'in, hamsin har casa'in duk daga Larabci muka aro su, yaro ba ya jin biyu a cikin ashirin. Amma kakanninmu suna da nasu: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Na dawo da wannan a ajina. Mu ce "gomiya biyu da takwas, wato ashirin da takwas". Ki gwada, za ki sha mamakin yadda yake buɗe kan yaro. Ita kuma "ashirin ba ɗaya" da tsofaffi ke cewa a maimakon goma sha tara, ai ɗebewa ce tsantsa a cikin magana, yara suna jin daɗinta in an mayar musu da ita kacici-kacici: talatin ba biyu nawa ne?

Tunda na san yawancin 'ya'yanmu suna haɗa boko da Islamiyya, ki lura da wannan. Lambobin da ke shafukan Alƙur'ani da littattafan Larabci, biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifirin boko, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma ta yi kama da bakwai ɗin boko. Ga shi can daga dama ake fara rubutu, nan daga hagu. Yaro ɗan shida ko bakwai yana iya cakuɗa su na ɗan lokaci, ko ya juya 3 ta kalli baya. Ki gyara masa cikin ruwan sanyi, yana wucewa. Asalinsu ma ɗaya ne: daga Indiya tsarin ya fito, malamai irin su Alkhawarizmi suka yi rubutu a kansa a Bagadaza a ƙarni na 9, daga nan ya bazu, kalmar sifiri kanta Larabci ce.

In ɗauri ya zauna, sai ki koma kuɗi. Amma ba kuɗin gaske ba tukuna, don biyar da ashirin da hamsin za su rikita tsarin. Ki yanka kwali ki yi takardun naira 1, naira 10 da naira 100 kaɗai, ki buɗe shago a tsakar gida da gwangwanaye da marafan kwalba, wata rana shi ne mai shago, wata rana ke. Goma ta ɗai-ɗai a canza ta da takardar goma, goma ta goma-goma a canza ta da ɗari. Mu ma sa'a muka yi, tun daga Janairun 1973 kuɗinmu suka koma kwabo ɗari naira guda. Mahaifiyata da fam da sule ta tashi, kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam, har ta rasu da jaka take lissafi in ana maganar naira ɗari biyu. A wannan shagon ne za ki tare kuskuren da ke jiransa a gaba, wato ki ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005, ɗari ɗin duka sannan biyar. In kin ƙara ɗaki na uku a hagu, ɗakin ɗari, ya ajiye takardar ɗari a ɗakinta, biyar a nasu, ya ga ɗakin tsakiya babu kowa, da kansa zai sa mai gadi ya rubuta 105.

Yatsu kuma ki bar shi ya ƙirga da su. Na ga iyaye suna buge hannun yaro wai abin kunya ne, sai ya koma ɓoye hannu a ƙarƙashin benci yana yi a tsorace. Abin da za ki yi shi ne ki rage masa tafiyar. In an ce 8 da 5, kada ya faro daga ɗaya, ya riƙe takwas a ka ya ɗora: tara, goma, har sha uku. Sannan ki koya masa waɗanda nake kira abokan goma, ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar, har su zame masa kamar sunansa. Kuna tafiya kasuwa ki ce "bakwai", ya ce "uku". In ya riƙe su, 8 da 5 za ta zama takwas ta karɓi biyu ta cika goma, saura uku. Yatsun da kansu za su yi ritaya. In kun je Farin Gada sayen kayan miya, ki bar shi ya ƙirga tumatir nawa ne a kashi, in kin sayi kiret ɗin ƙwai ya gaya miki gomiya nawa ce a cikin talatin ɗin, in kun soya shida saura nawa.

Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa, kuma ba lokacin da ya dawo a gajiye da yunwa ba. Da sanyin nan namu na Jos ni na fi son hantsi ranar Asabar da Lahadi, a shimfiɗa tabarma a rana, sauran ranaku kuma bayan la'asar. In ya fara hamma ko idonsa ya kawo ruwa, ki tattara tsinkayen, gobe ma rana ce. Ki roƙi babansa da yayyensa kada kowa ya kira shi daƙiƙi, ko da wasa, don na ga yaran da wannan kalmar ta rufe musu lissafi har suka gama sakandare.

Maganar lesin, ban hana ki ba, amma ki jinkirta wata guda ki yi wannan tukuna. In kin ɗauko malami, ki zauna ki ga darasinsa na farko. In ya zo da shafi cike da tambayoyi hamsin ba tare da ko tsinke ɗaya a hannu ba, abin da aka yi a aji zai maimaita, sai dai a ƙara wa yaron gajiya. In kuma wata biyu ko uku suka wuce kuna yi kullum amma ko ɗauri da warwatse bai rarrabe ba, ki kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, ki kuma je ki ga malamarsa ki ji a ina yake zama a aji, don na sha samun yaron da matsalarsa duka ita ce ba ya hango allo daga bencin baya.

Ki fara yau da 28 ɗin nan. In ya ɗaure ta, ki dawo nan ki gaya mini amsar da ya ba ki da kika ɗora yatsa a kan 2, daga nan zan san abin da za mu yi a mako na biyu. Allah Ya yi masa albarka, Ya buɗa ƙwaƙwalwarsa.