Yaushe ake canza gasket ɗin salansar Prius?

Malam, ka tambaya ko gasket ɗin salansar Prius ɗinka, wato zoben da ke toshe mahaɗar bututun hayaƙi, yana da lokacin canji kamar baƙin mai. Ba shi da shi. Sai ya fara yoyon hayaƙi, ko ranar da makanike ya kwance wurin, don tsohon ba ya sake kamawa daidai.

Da sassafe, inji da sanyi, ka tayar da motar ka kasa kunne. In ka ji tsik-tsik daga ƙasa, ko ka ga baƙar kunkunniya a mahaɗar bututun, gasket ɗin ya gama aiki. Wahalar hybrid, wato mota mai aiki da fetur da batir irin Prius, ita ce injin kan mutu da kansa a tsaye, ƙarar ta ɓuya, don haka ka sa giya a P (fakin) ka taka totur domin injin ya tashi. Ramukan titunanmu na Gusau ma suna sassauta notuna. Warin hayaƙi cikin mota kuwa guba ne, kada ka bari ya kwana.