Mu ne 'yan Sabon Garin Duwala

Yaya, tambayar da ka yi min ranar da muka dawo daga Kantin Kwari a adaidaita har yanzu tana cina, wai mu Hausawan Duwala me ya sa duk muka cushe a unguwa ɗaya kamar an kora tumaki garke, kuma wai ma Hausar muke yi ko dai sunan ne kawai. A lokacin dariya kawai na yi saboda ƙarar mota, to bari in amsa maka yanzu da na samu zama.

In kana so ka gane zamanmu a Niyu Bel, unguwarmu a Duwala, sai ka fara zuwa Bonanjo, tsohuwar unguwar Turawa da ke kan tudu tana kallon kogin Wuri da tashar jiragen ruwa. Kogin nan shi ya ba ƙasar suna ma, mutanen Fotugal da suka shigo shi a 1472 sun ga jatan lande rututu suka ce kogin kamarosh, daga nan aka samu Kamaru. Jamusawa sun sa hannu da sarakunan Duwala a 1884, gine-ginensu na nan har yau, tsohon asibitinsu, baranda mai faɗi, bango duk ya yi kore da gansakuka don ruwan da ake yi a garin nan ya ninka na Kano sau uku har da ɗoriya. Akwai wani gida da ake ce ma Fagod, rufi kan rufi kamar na 'yan Sin, gidan sarautar Bel ne da aka gina a 1905. Duk baƙon da na kai nan nake tsayar da shi.

Dalili kuwa, ɗan gidan nan Rudolf Duwala Manga Bel shi ya ƙi yarda lokacin da Jamusawa suka ce baƙar fata su tashi daga bakin kogi a bar wa Bature, a koma can baya cikin fadama, a bar filin kilomita guda tsakani wai don sauro da cuta. Ya yi ta kai ƙara har Jamus, ƙarshe suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Wurin da aka ware ɗin shi ne Niyu Bel, 'yan gari da yawa ba su so zamansa ba, sai baƙi suka cika shi, Hausawa, Bamileke, Basa, Yarabawa, kowa da ɓangarensa. Ka ga ai kamar Nassarawa da Sabon Gari ne a nan Kano, Bature a can, baƙo a can, bambancin kawai a Duwala mu ne 'yan Sabon Garin. Wallahi ranar da na ji ka kana ƙorafin mutanen Sabon Gari ba sa cuɗanya da kowa sai da na yi murmushi, haka ake faɗa a kanmu.

Kakanmu da fatauci ya gangara ta Yola da Garwa da Ngaundare, da ya iso gidan mai masauki ya sauka, har yau tsarin bai mutu ba. Baƙo ya sauko daga jirgin ƙasa bai san kowa ba, ya tambayi masallaci, kafin isha ya samu tabarma da tuwo. Rigimar aure ko ta bashi gaban sarkin Hausawa da liman ake fara kaiwa, sai ta gagara ake zuwa hukuma. Suna, ɗaurin aure, goro, allo da safe kafin yara su tafi lakwal, wato makarantar boko, duk yadda ka sani. Tsire kuma namu ne, su suna ce masa soya.

Hausar ce dai ta sha ruwan Wuri. Faransanci a ciki, Fulatanci a ciki, burokin a ciki, ɗan acaɓa ma bensikin muke ce masa, shi ya sa matarka ta riƙe ciki da na ce zan je marshe maimakon kasuwa. Mu kuma in kun ce "lamba wan" ko "kwastoma" haka muke kallonku. Abinci ma mun saba da ndole, miyar shuwaka, da miyondo, shi kuma rogo ne da ake naɗewa a ganye, Inna har ta rasu ba ta yarda abinci ne ba, ta ce igiya ce.

Abu ɗaya in ka zo, kar ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto barkatai a Bonanjo, ofisoshin gwamnati ne zagaye da wurin. Ni da aka haifa a garin wani jandarma ya taɓa tsare ni kusan awa guda kan hoton bango, yana juya katina yana tambaya yaushe na shigo daga Najeriya, ina ba shi amsa da Faransancin da ya fi nasa. Ka zo farkon Disamba lokacin bikin Ngondo, bikin gargajiyar 'yan gari, ruwa ya ɗauke, mu tsaya wajen gadar Bonaberi ka ga tseren kwalekwale. Ka taho min da kilishi da yajin nan na Yaya Babba, na can barkonon bai da ƙamshi.