Bindiga a gida da kashe kai: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, kullum 'yan siyasar Amurka na ja-in-ja kan taƙaita mallakar bindiga. Me ya haɗa ku likitoci da wannan magana?

Amsa: Wurinmu ake kawo gawa da mai rauni, shi ya sa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 48,830 da harsashi ya kashe, kuma 26,328 daga cikinsu su ne suka harbe kansu. Fiye da rabi ke nan. Jama'a in an ambaci bindiga ɗan fashi suke hangowa. Ni wanda nake tunawa shi ne magidancin da baƙin ciki ya rufe a ɗaki shi kaɗai.

Tambaya: Ai wanda ya yi niyyar kashe kansa, ko an ɗauke bindigar zai nemi wata hanya. Ko ba haka ba?

Amsa: Malam, wannan zato ya yi ta jawo mana asarar rayuka. Sau da yawa tunanin kashe kai kamar hadari yake, ya taso da ƙarfi, cikin mintuna ko sa'o'i ya lafa. Abin da ke kusa da hannun mutum a wannan ɗan lokaci shi ke yanke hukunci. Bindiga ba ta barin damar nadama: cikin mutum goma da suka juya ta kansu, kusan tara ba sa tashi. Su kuwa waɗanda suka yi yunƙuri aka ceto su, kusan tara cikin goma ba kashe kai ne ke zama ajalinsu ba daga baya.

An gani a aikace. A 2006 rundunar sojan Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, sai kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sri Lanka ma da ta haramta magungunan ƙwari mafi dafi da mutane ke sha su kashe kansu, mace-macen sun faɗi warwas, mutane ba su koma wata hanyar da yawa ba.

Tambaya: To laifuka fa? Doka na rage su?

Amsa: Nan ne gardamar ta fi zafi. Bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, Ostareliya ta tsaurara doka, ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a. Harbin kan mai uwa da wabi ya yi ƙaranci ƙwarai. Masu adawa suna cewa kisa da bindiga dama yana raguwa tun kafin dokar, kuma ɓarawo ba ya neman lasisi. Suna da hujja. A ganina shaidar da ta shafi kashe kai ta fi ta laifuka ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Maigidana yana da bindiga ta wurin aiki. Kwanan nan ba ya barci, ba ya cin abinci, yana cewa gara ya huta da duniya. Ina cikin tsoro.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki na kan hanya, kada ki jira gobe. Ki zauna da shi cikin natsuwa ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada ki yi masa faɗa ko gori. Ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, a lallashe shi ya mayar da bindigar ma'ajiyar wurin aiki, kada ki yi kokawar ƙwace ta da kanki. Magunguna masu yawa da duk wani guba ma a fitar da su daga gidan. Ciwon damuwa yana da magani, kuma ana warkewa. A kai shi asibiti yau, kuma kafin ku isa wurin likita kada a bar shi shi kaɗai.